YADDA IGWA TA SAUYA GININ KAGARA A ƘASASHEN TURAI

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin tarihin Turai zai ga hotunan waɗansu manyan gine-gine na dutse, masu dogayen bangaye da hasumiyoyi, galibi a kan tudu ko a bakin kogi. Irin wannan gini shi za mu kira kagara a cikin wannan darasi. Kagara ta bambanta da ganuwar birni. Ganuwa tana kewaye gari duka domin ta kare jama'a, amma kagara gida ce ta sarki ko ta wani basarake, inda yake zaune da iyalinsa da dakarunsa, yana mulkin ƙasar da ke kewaye da shi.

Tun daga wajen ƙarni na 10 har zuwa ƙarni na 15, wanda ya mallaki kagara mai ƙarfi a Turai ya mallaki ƙasa. Mutum ɗari a ciki suna iya tsare mutum dubu a waje wata da watanni. Ana nan sai igwa ta zo, ta sa magina a gaba da tambayoyi guda biyu. Ta farko, yaya za a yi bango ya jure dukan igwar abokan gaba? Ta biyu, a ina za a girka igwar mai gida a cikin ginin da tun asali ba domin ita aka yi shi ba? Amsar waɗannan tambayoyi ta ɗauki magina kusan shekara 150, kuma ita za mu bi daki-daki.

Kagara kafin zuwan igwa

Kafin mu gane gyaran da aka yi, sai mun san abin da magina na dā suke tsoro. Hanyoyin cin kagara a wancan zamani huɗu ne. Akwai kafa tsani a hau bango. Akwai jifa da wata babbar majaujawa ta katako, wadda take cilla dutse sama ya faɗo a kan ginin. Akwai haƙa rami a ƙarƙashin bango, a tokare shi da itatuwa, sa'an nan a cinna wa itatuwan wuta don ginin ya rufta. Ta huɗu kuwa ita ce a yi wa kagara ƙawanya har yunwa ta fito da mutanen ciki.

Maganin mafi yawan waɗannan shi ne tsawo. In bango ya yi tsawo, tsani ba ya kaiwa, kuma maharbin da ke bisa kibiyarsa ta fi tafiya nesa. Wanda ya tsaya a kan badala, wato 'yar hanyar da ke saman bango, yana iya sako wa na ƙasa duwatsu ko tafasasshen ruwa. Saboda haka magina suka ba tsawo muhimmanci fiye da kauri. Bango mai tsawon mita 10 ko fiye, kaurinsa sau da yawa bai wuce mita 2 zuwa 3 ba.

Ko a lokacin ma magina suna koyon darasi daga abin da ya faru. A shekarar 1215 Sarki John na Ingila ya kewaye kagarar Rochester, ya sa aka haƙa rami a ƙarƙashin kusurwar babbar hasumiyarta mai kusurwa huɗu, aka ƙone itatuwan tokari da kitsen aladu 40, kusurwar ta faɗi. Da aka tashi gyara, sai aka gina wannan ɓangare a kewaye kamar rumbu, domin kusurwa ita ce wurin da ya fi rauni. Wannan ya nuna mana cewa sauya gini saboda sabon makami ba da igwa aka fara shi ba.

Zuwan igwa

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara haɗa albarushi, daga gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Ilminsa ya isa Turai a ƙarni na 13. Hoton igwa mafi tsufa da aka sani a Turai yana cikin wani rubutun hannu na Ingila na shekarar 1326, kuma siffarta kamar tulu ce da aka kwantar, da ƙatuwar kibiya a bakinta. Igogin farko ƙararsu ta fi ɓarnarsu. Suna razana dawaki, amma ba sa yi wa bangon dutse kome.

Cikin ƙarni na 15 abubuwa suka sauya. Maƙera suka ƙara wa igwa tsawo. Aka koyi jiƙa albarushi a busar da shi ya zama tsaki-tsaki, wanda ya fi gari saurin kamawa da ƙarfin turi. Aka kuma ƙera manyan igogi masu harba dunƙulen dutse. Har yau akwai ɗaya daga cikinsu a kagarar Edinburgh ta ƙasar Sikotlan, mai suna Mons Meg, wadda aka ƙera a 1449, nauyinta kimanin tan 6.

Bambancin igwa da majaujawa shi ne, majaujawa tana cillawa sama, igwa kuwa tana harbi a miƙe. Maharba sukan auna gindin bango, su yi ta dukan wuri ɗaya har ya rarake. Da zarar gindi ya lalace, nauyin abin da ke bisa shi zai kawo ginin ƙasa, kuma gwargwadon tsawon bango gwargwadon saurin faɗuwarsa. Bugu da ƙari, ɓaraguzan da suka zube sukan cike gwalalo, wato babban ramin da ke kewaye da kagara, su zama gada ga mahara. Ashe tsawon nan da ake taƙama da shi ya zama abin da ke kayar da gida.

Sakamakon ya bayyana a fili. Tsakanin 1449 da 1450 Sarki Charles na 7 na Faransa, da taimakon waɗansu 'yan'uwa biyu masanan igwa, Jean da Gaspard Bureau, ya ƙwace lardin Normandi daga hannun Ingilishi, inda garuruwa da kagarai wajen 60 suka faɗi cikin shekara guda da 'yan watanni. A 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na 2 ya kewaye birnin Kustantiniya, wanda yanzu ake kira Istanbul. Ganuwar birnin ta yi fiye da shekara 1,000 a tsaye, amma bayan kwana 53 na ƙawanya da dukan manyan igogi, birnin ya faɗi ranar 29 ga Mayu. A Ingila kuma, a 1464, kagarar Bamburgh ta zama ta farko da igwa ta ci a ƙasar.

Gyaran farko: kafofin harbi

Abu mafi sauƙi da masu kagara suka fara yi shi ne huda bango. Dā ma akwai 'yan siraran tsagogi da maharba kibiya suke amfani da su. Sai aka ƙara wa tsagar wani zagayayyen rami a ƙasanta, inda bakin ƙaramar igwa zai leƙa, tsagar sama kuma ta zama wurin dubawa. In mutum ya hango ta daga waje, sai ya ga kamar kafar makulli ce aka juya. Ana ganin irin waɗannan kafofi a ƙofar yamma ta birnin Canterbury, wadda aka gina wajen 1380, da kagarar Bodiam, wadda aka ba da izinin gininta a 1385. Dukansu suna kudancin Ingila, inda ake fargabar harin Faransawa ta teku.

Amma wannan gyara bai kai ko'ina ba. Kafar ƙarama ce, ba a iya juya bakin igwa dama ko hagu sosai. Waɗansu kafofin ma an yi su a inda harbinsu ba zai sami kowa ba, kamar dai don a nuna wa maƙwabta cewa mai gidan nan yana da igwa. Daga baya aka koyi faɗaɗa kafar ta waje, ta buɗe kamar bakin mazurari, don harbi ya game wuri mai faɗi. Waɗansu garuruwa kuma suka gina hasumiya ta musamman domin igwa kawai, kamar wadda aka yi da jan bulo a bakin kogi a birnin Norwich tsakanin 1398 da 1399.

Yadda aka sa bango ya jure duka

Huda bango bai hana shi faɗuwa ba. Domin a jure wa manyan igogi, magina sun bi hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce kauri. A kagarar Ham da ke arewacin Faransa, an gina wata hasumiya a ƙarni na 15 wadda kaurin bangonta ya kai mita 11. Ta tsaya har 1917, lokacin da sojojin Jamus suka tarwatsa ta da nakiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A kagarar Fougères ta lardin Biritani an ƙara hasumiyoyi biyu masu siffar kofaton doki, kaurin bangonsu kimanin mita 7. A Sikotlan kuwa an fara ginin kagarar Ravenscraig a 1460, da bangaye masu kaurin kusan mita 4, a shekarar da igwa ta fashe ta kashe Sarki James na 2 wajen ƙawanyar Roxburgh.

Hanya ta biyu ita ce rage tsawo. An sare kawunan tsofaffin hasumiyoyi har suka daidaita da bango. An kuma kawar da 'yan haƙoran ginin da ke saman bango, waɗanda maharba kibiya suke ɓuya a bayansu, domin in harsashi ya same su sukan tarwatse, tsakuwarsu ta raunata masu tsaro fiye da harsashin kansa. A madadinsu aka yi katanga gajera mai kauri, mai gantsararren baya, wadda harsashi zai zame a kanta. Amma in bango ya gajarta, ai tsani zai kai. Maganin wannan shi ne a ƙara wa gwalalo zurfi da faɗi. Ta haka bangon yana nan da tsawonsa in an auna daga ƙasan rami, amma maharbin igwa da ke nesa kansa kaɗai yake hangowa. Kagarar Salses, wadda mutanen Sifen suka fara ginawa a 1497 a kan iyakarsu da Faransa, misali ce mai kyau. Tana zaune cikin rami kamar an binne rabinta, kuma ta jure ƙawanyar Faransawa a 1503 tun ba a gama gininta ba.

Hanya ta uku ita ce jirkita gindin bango ya fito waje kamar gangaren tudu. Harsashin da ya sami wuri a miƙe yakan zuba ƙarfinsa duka a nan, amma wanda ya sami gangare yakan goce.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi duka araha kuma ta fi amfani, ita ce ƙasa. Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan a filin makaranta. Ka jefi tsohuwar tukunyar ƙasa da dutse, za ta fashe. Ka jefi tulin yashi da dutsen nan, sai ya nutse ya tsaya. Abu mai tauri yana tsagewa, abu mai laushi yana haɗiye duka. Masu tsaron Kustantiniya sun lura da haka, domin kowane dare sukan toshe inda igwa ta fasa da ƙasa da itatuwa da gangunan da aka cika da ƙasa, kuma wannan toshiya takan jure harbi fiye da yadda ake zato. Saboda haka aka riƙa tara ƙasa a bayan tsohon bango don ta tallafe shi. A gaban ƙofofi kuma aka riƙa yin tudun ƙasa da katako, a ɗora igogi a kai, don a tilasta wa abokan gaba su kafa nasu can nesa. An yi mummunan faɗa a kan irin wannan tudu a bakin gadar birnin Orléans a 1429, lokacin da Jeanne d'Arc ta jagoranci Faransawa suka kori Ingilishi. Jan bulo ma ya sami karɓuwa saboda wannan dalili, domin harsashi yakan huda shi ne kawai, ba ya tsaga shi kamar dutse.

Yadda aka ba igwa masauki

Tambaya ta biyu ta fi ta farko wuya, domin igwa baƙuwa ce mai yawan bukata. Ga matsalolin da ta zo da su.

Na ɗaya, nauyi. Benayen tsofaffin hasumiyoyi na katako ne, ba za su ɗauki tan biyu ko uku na tagulla ba. Sai aka maye gurbinsu da rufin dutse mai baka, ko kuma a cike hasumiyar da ƙasa da ɓaraguzai tun daga gindi har sama, ta zama dandamali.

Na biyu, ja da baya. Duk lokacin da aka harba igwa takan zabura baya da ƙarfi. Badalar da aka yi domin mutum ɗaya da bakansa ba ta da faɗin da za ta ɗauki wannan. Kuma girgizar harbi tana sassauta duwatsun siririn bango, har mai gida ya rushe gidansa da hannunsa. A nan ƙasar da aka tara a bayan bango ta yi amfani na biyu, domin samanta ya zama hanya mai faɗi inda igwa za ta zauna, ta ja da baya, a sake tura ta gaba.

Na uku, hawa. Matakalar kagara ƙunƙuntacciya ce mai murɗewa kamar katantanwa. Ba yadda za a yi a bi da igwa ta nan. Dole aka gina gangarori masu faɗi inda dawaki ko mutane za su jawo ta.

Na huɗu, hayaƙi. Albarushin wancan zamani yana fid da farin hayaƙi mai kauri. In an harba igwa sau biyu ko uku a cikin rufaffen ɗaki, maharba ba sa gani, ba sa iya numfashi. Magina suka riƙa barin kafofin iska a rufin ɗakunan harbi, waɗansu kuma suka bar bayan hasumiya a buɗe. Duk da haka, a ƙarshe an ga ya fi kyau a ajiye manyan igogi a sarari bisa dandamali, a bar ɗakunan ƙasa ga ƙanana masu tsaron gwalalo.

Na biyar, ajiyar albarushi. Yana bukatar wuri busasshe, nesa da wuta, mai rufin da harsashi ba zai huda ba. Sakaci a nan yana da tsada. A 1521 albarushin da aka ajiye a hasumiyar ƙofar babbar kagarar birnin Milan ya fashe, ya rushe hasumiyar, ya kashe mutane da yawa, ba tare da wani maƙiyi ya yi harbi ko ɗaya ba.

Waɗansu masu kagara da suka ga gyaran tsohon gini zai yi wuya, sai suka bar shi yadda yake, suka kewaye shi da sabon bango gajere mai kafofin harbi. Haka gidan sarautar Douglas suka yi a kagarar Threave ta Sikotlan wajen 1447. Da sarki ya kewaye ta a 1455, ta yi fiye da wata biyu ba ta faɗi ba, sai da aka saye masu tsaronta da kuɗi.

Shekarar 1494 da haihuwar kan-mashi

A 1494 Sarki Charles na 8 na Faransa ya shiga Italiya da wata irin igwa da ba a saba gani ba. Ta tagulla ce zubi ɗaya, tana kan keke mai ƙafa biyu, dawaki ke janta, kuma dunƙulen baƙin ƙarfe take harbawa. Ƙarfe ya fi dutse nauyi kusan sau uku, saboda haka ƙaramar igwa tana yin ɓarnar da dā sai babba. A watan Fabrairu 1495 kagarar Monte San Giovanni ta faɗi cikin sa'o'i kamar takwas. Hankalin sarakunan Italiya ya tashi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma a Italiya aka fito da sabuwar rawar.

Da farko ƙasa ce ta cece su. A 1500 mahara suka fasa ganuwar birnin Pisa, da suka kutsa sai suka tarar da sabon rami da tudun ƙasa a bayanta, da igogi suna jiransu. A 1509 birnin Padua ya kare kansa da irin wannan dabara, har Sarki Maximilian ya kwashe rundunarsa ya janye.

Amma akwai wata matsala da kauri da ƙasa ba su warware ba, kuma ta lissafi ce. Ɗauki takarda ka zana bango a miƙe, da zagayayyun hasumiyoyi uku a jikinsa. Daga inda hasumiyar dama ta haɗu da bango, ja layi da rula ya shafi gefen hasumiyar tsakiya ya wuce. Yi haka kuma daga hagu. Za ka ga layukan biyu sun haɗu a gaban hasumiyar tsakiya, sun bar wani ɗan fili mai kusurwa uku wanda harbi daga dama ko hagu ba ya shiga. Na bisa hasumiyar ma ba za su iya sunkuyar da bakin igwa su harbi gindinsu ba. A wannan ɗan fili maƙiyi zai tsaya lafiya lau ya haƙa rami ya dasa albarushi.

To, yanzu cike wannan fili da tawada, ya zama ɓangaren hasumiyar. Siffar da ta fito tana da tsini kamar kan mashi. Turawa suna kiranta bastiyan, mu kuwa za mu kira ta kan-mashi. Fuskokinta biyu suna duban waje, gefunanta biyu kuma suna duban tsawon bango. Igogin da ke gefen kowane kan-mashi suna share gaban bango da fuskar kan-mashin da ke maƙwabtaka da shi. Ba sauran wurin ɓuya, kowane ɓangare yana tsaron ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikin gine-ginen farko da aka yi bisa wannan tsari shi ne na Nettuno, a bakin teku kudu da birnin Rum, wanda Antonio da Sangallo ya gina tsakanin 1501 da 1503, da kan-mashi a kowace kusurwa huɗu. In an dubi babban gini irin wannan daga sama, sai a ga kamar tauraro.

Sabon tsarin bai game ko'ina nan da nan ba. A tsibirin Rodes an haɗa tsohon salo da sabo, aka ƙara wa ganuwa kauri har mita 12 a waɗansu wurare, kuma a 1522 ta tsare babbar rundunar Sarkin Turkawa Sulaiman wata shida kafin masu tsaro su miƙa wuya bisa sharaɗi. A Ingila Sarki Henry na 8 ya gina jerin wuraren tsaro a bakin teku daga 1539, kamar na Deal, gajeru masu kauri amma zagayayyu. Sai a 1558 aka fara ginin ganuwa mai cikakken kan-mashi a garin Berwick. A ƙarni na 17 injiniyan Faransa Vauban, wanda ya rayu daga 1633 zuwa 1707, ya kai wannan fasaha matuƙa.

Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

Wannan tarihi ya taɓo yankinmu. A 1482 mutanen Fotugal suka gina kagarar Elmina a bakin tekun ƙasar da yanzu ake kira Gana, domin cinikin zinariya, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tsare bayi kafin a haye da su teku. An tanadar mata igogi masu duban teku, amma akwai wani tudu kusa da ita da ya fi ta tsawo. A 1637 mutanen Holan suka hau da igogi kan wannan tudu, suka yi ta harbi daga bisa har kagarar ta miƙa wuya. Da suka karɓe ta, sai suka gina wurin tsaro a kan tudun don kada wani ya yi musu abin da suka yi.

Darasin ƙasa kuma ya bayyana a Kano. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka iso birnin da igogi. Ganuwar Kano ta ƙasa ce, mai kauri ƙwarai a gindi, kuma harsasai ba su yi mata wata ɓarna ta a zo a gani ba. Sai da suka juya kan ƙofa, suka fasa ta Kabuga, sa'an nan suka shiga. Maginan Kano ba domin igwa suka yi ganuwarsu ba, amma abin da suka gina da shi shi ne abin da maginan Italiya suka koma wa bayan dutse ya ba su kunya.

Kuɗi da ƙarshen zamanin kagara

Ganuwa mai kan-mashi tana cin kuɗi ba kaɗan ba. Tana bukatar fili mai faɗi, da dubban ma'aikata, da injiniya masanin lissafi, da igogi masu yawa, da sojoji na dindindin. Har a kan rushe gidaje a sare itatuwan da ke kewaye, don kada maƙiyi ya sami maɓoya. Ƙaramin basarake ba shi da ƙarfin wannan, sai sarkin ƙasa mai karɓar haraji ko birni mai arzikin ciniki. Ta haka ƙarfin yaƙi ya tattaru a hannun gwamnatin tsakiya.

Daga nan ayyuka biyu na kagara suka rabu. Wurin tsaro ya zama na sojoji, a kan iyaka ko bakin teku. Basarake kuma ya gina wa kansa gida mai manyan tagogi da lambu. A 1626 gwamnatin Faransa ta ba da umarnin rushe kagaran da ba a kan iyaka suke ba. A Ingila an sake amfani da tsofaffin kagarai a yaƙin basasar da ya fara a 1642, bayan an kewaye su da tudun ƙasa, kuma da yawa sun jure ƙwarai. Saboda haka ne majalisa ta sa aka farfasa su da albarushi, kamar yadda aka yi wa ta Corfe a 1646. Da yawa daga cikin kangayen da masu yawon buɗe ido ke ziyarta a can sun samo asali daga wannan lokaci.

Kammalawa

Mun ga cewa igwa ba ta share kagara dare ɗaya ba. Magina sun fara da huda kafofi, suka ƙara kauri, suka rage tsawo, suka zurfafa gwalalo, suka tara ƙasa, suka gyara benaye da matakalai. Da faci ya ƙare, sai suka zauna da rula da takarda suka sake tsarin ginin tun daga tushe. Ɗalibin da ke ganin darasin kusurwoyi da layuka ba shi da amfani, ya tuna cewa a ƙarni na 16 rayukan mutanen birni guda sukan rataya a kan ko injiniya ya ja layinsa daidai.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa tsawon bango ya zama rauni bayan zuwan igwa?
2. Kawo matsaloli huɗu da aka fuskanta wajen girka igwa a cikin tsohuwar kagara, da yadda aka magance kowace.
3. Zana zagayayyar hasumiya da kan-mashi, ka nuna filin da harbi ba ya kaiwa.
4. Kwatanta abin da ya faru a Pisa a 1500 da abin da ya faru a Kano a 1903.
5. Ta yaya tsadar sabon tsarin gini ta ƙara wa sarakunan ƙasa ƙarfi a kan ƙananan masu sarauta?